Zuma a Kwalbar Giya: Ina Zaƙin Yake Tafiya?

Zuwa ga Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, muna roƙon fili a shafin wasiƙu domin mu yi bayani a kan wani abin sha da ake yawan yi wa gurguwar fahimta, wato giya mai launin ruwan ƙasa da ƙananan gidajen dafa giya suke haɗawa da zuma, wadda ake rubuta wa Honey Brown Ale a jikin kwalba. Da zarar mutum ya ga hoton ƙudan zuma ko na saƙarsu a takardar kwalbar, sai ya ɗauka abin da ke ciki yana da zaƙi, ko ba shi da ƙarfi, wani ma har ya ce magani ne. Ko ɗaya daga cikin ukun ba gaskiya ba ne. Zumar da aka zuba wa giya, kusan dukkanta yis, wato ƙananan halittun da suke sa ƙullun burodi ya kumbura, shi yake cinye ta ya mayar da ita barasa da iskar gas. Saboda haka giyar zuma ta fi 'yar uwarta marar zuma ƙarfi, kuma sau da yawa ba ta kai ta zaƙi ba. Wanda ba ya shan barasa saboda addini ko saboda lafiya, ya sani tun daga nan cewa wannan giya ce cikakkiya. Wanda kuma sana'arsa ce dafawa ko ɗanɗanawa, ga yadda abin yake.

Ita giyar ruwan ƙasa, wadda ake ƙara wa zumar, asalinta Ingila ne. Tana cikin dangin da ake kira el, waɗanda yis ɗinsu yake aiki a ɗumi na digiri 18 zuwa 22 a ma'aunin Salshiyas, saɓanin laga da ake tsimawa a sanyi na digiri 8 zuwa 13. Launinta daga tsiron sha'ir da aka gasa yake fitowa, zuma ba ta da hannu a ciki. Mann's Brown Ale ta Landan ta fito a 1902, mai zaƙi ce kuma barasarta kashi 2.8 cikin 100 kawai. Newcastle Brown Ale ta arewa maso gabashin Ingila ta biyo baya a 1927, ta fi haske, ba ta kai waccan zaƙi ba, ƙarfinta kuma kashi 4.7. Amurkawa sun ɗauki salon suka ƙara masa ɗaci da gashin tsiro, kuma Pete's Wicked Ale ta 1986 tana cikin waɗanda suka yaɗa shi a can. Ɗacin daga furen hof yake zuwa, wani tsiro mai yaɗo da ake dafa furensa a ruwan giya. A Bavariya ta Jamus dokar 1516 ta taƙaita kayan giya ga ruwa da sha'ir da hof, shi ya sa ba a cika samun al'adar zuba zuma a can ba. A Amurka kuwa har masu girkin fadar White House sun dafa giyar zuma a 2011 da zumar amyar da ke harabar fadar, aka kuma wallafa yadda suka haɗa ta a 2012.

To, me ke cikin zuma? Kimanin kashi 17 zuwa 18 cikin 100 ruwa ne. Sauran kusan duk sukari ne: furuktos wajen kashi 38, gulukos wajen kashi 31, sai ɗan maltos da ɗan sukuros. Waɗannan su ne irin sukarin da yis ya fi saurin ci, don haka kusan kashi 95 na sukarin zuma yakan ƙare a tsimi. Ruwan tsiron sha'ir ba haka yake ba. A cikinsa akwai manyan sukari da ake kira dekistirin, waɗanda yis ba ya iya farfasawa, kuma su ne suke saura a kwalba su ba giya kauri a baki. A nan gizo yake saƙa: duk giram ɗin tsiro da aka cire aka maye gurbinsa da zuma, an rage abin da zai saura a baki, an ƙara abin da zai zama barasa.

Lissafin ba shi da wuya. Akwai ma'aunin kaurin ruwa, haidiromita, wani siririn gilashi da ake tsomawa a ruwan. A ruwa zalla yakan tsaya a 1.000. Kilo ɗaya na zuma a lita 20 yana ɗaga shi da kimanin maki 15, wato ƙarin barasa na kusan kashi 2 cikin 100. Rabin kilo yana ba da maki 7 da ɗoriya, ƙarin kashi 1. Ruwan tsiro da ya fara a 1.046 ya ƙare a 1.012 zai ba da giya mai kashi 4.5. A zuba masa rabin kilon zuma, sai ya zama kamar ya fara a 1.053 ya ƙare a 1.011, a ɗebe na ƙarshe daga na farko a ninka da 131, a sami kashi 5.5. Mai karatu ya lura da cewa adadin ƙarshe bai hau ba, sauka ma ya yi da maki ɗaya, domin barasa ba ta kai ruwa nauyi ba.

Ga haɗin da yake ba da wannan sakamako a lita 20: farin tsiron sha'ir kilo 3.5, tsiron da aka gasa da danshinsa har sukarinsa ya daskare, wanda ake kira kiristal, giram 350, tsiro mai ruwan ƙasa giram 250, da baƙin tsiro mai launin cakulan giram 120. A ɓarza su yadda ƙwayar za ta fashe amma ɓawon bai zama gari ba, domin ɓawon ne zai yi aikin rariya in an zo tacewa. A jiƙa a ruwa lita 3 ga kowane kilo, a riƙe zafin a digiri 67 zuwa 68 har awa ɗaya. Wannan zafi da gangan muka zaɓe shi. A digiri 63 zuwa 65 sinadaran tsiro sun fi samar da sukarin da yis zai cinye, a 67 zuwa 68 kuma sun fi barin dekistirin. Tun da zuma za ta tsinka giyar, dole a tanadi kaurin tun daga jiƙo. Wanda ya jiƙa a 64 ya kuma zuba zuma, zai sami abu mai launin giya amma salam a baki.

Bayan an tace, a ɗauraye dusar da ruwan da bai wuce digiri 77 ba. In ya fi haka zafi, ko aka ci gaba da ɗauraya har ruwan ya tsinke sosai, sai ɓawon ya saki sinadarin tanin, giyar ta yi bauri mai kama harshe. Daga nan a tafasa awa ɗaya. A zuba hof na Ingila irin su Fuggle ko East Kent Goldings giram 40 a farkon tafasa domin ɗaci, wanda zai kai kusan maki 24 a ma'aunin ɗacin giya, sai giram 15 saura minti 10 a sauke. Kada a kai ga hof ɗin Amurka masu ƙamshin ɓawon lemo da yawa. Suna danne zuma gaba ɗaya, kuma a ganinmu asarar zuma ce kawai. A huce da ruwan da sauri zuwa digiri 18 ko 19, a girgiza shi ya sha iska, a zuba busasshen yis giram 11, a rufe da marfi mai barin gas ya fita ba tare da iska ta shiga ba.

Yanzu tambayar da ta fi kowace muhimmanci: yaushe za a zuba zumar? Ƙamshin zuma sinadarai ne marasa nauyi da zafi yake kora. Wanda ya zuba ta a farkon tafasa ya sami barasa kawai, da ya sayi farin sukari da ya fi masa sauƙi. Wanda ya zuba ta bayan an kashe wuta, lokacin da ruwan ya sauka wajen digiri 80, ya rufe minti 15 zuwa 20, ya kashe mafi yawan ƙwayoyin da ke cikinta kuma ya tsira da wani abu na ƙamshin. Sai dai akwai ɓarawo na biyu a gaba. A kwana biyun farko na tsimi gas yana tasowa da ƙarfi, kuma yana fita da ƙamshi tare da shi. Shi ya sa muka fi yarda da hanya ta uku: a jira rana ta uku ko ta huɗu, lokacin da kumfar saman ta fara lafawa, a narka zumar a tafasasshen ruwan da ya huce zuwa digiri 40, kamar lita ɗaya ga rabin kilo, a zuba a hankali. A hankali muka ce, Malam Edita, domin ruwan cike yake da gas, in aka antaya ta lokaci guda sai kumfa ta yi ambaliya.

Wannan jinkiri yana da wata fa'ida. Yis in ya tarar da gulukos mai yawa tun farko, shi yake fara ci, ya yi sanyin jiki wajen cin maltos na tsiro. In zumar ta yi yawa, yana iya gajiya kafin ya gama, tsimi ya tsaya a tsakiya. Ga shi kuma zuma ba ta da naitirojin ɗin da yis yake bukata don ya hayayyafa. A kashi 10 zuwa 15 na kayan haɗi babu damuwa, tsiro yana ciyar da shi. In an kai kashi 25 zuwa 30 sai an ƙara masa abinci na musamman da ake sayarwa don haka, in ba haka ba giyar za ta fito da zafi mai yaƙushin maƙogwaro da warin ruɓaɓɓen ƙwai. Abin da ya kai rabi da rabi kuwa ya bar layin giyar ruwan ƙasa, ya koma wani tsohon abin sha na Birtaniya da ake kira baragot.

Hanya ta uku tana da nata hatsarin, ba za mu ɓoye ba. Ɗanyar zuma tana ɗauke da yis na daji da ƙwayoyin bakteriya da suke kwance saboda ƙarancin ruwa; da an tsinka ta sai su farka. Tana kuma ɗauke da sinadarin dayastes, wanda yake iya farfasa dekistirin ɗin nan da aka sha wahalar tanada, ya mayar da shi abincin yis. Hukumar zuma ta Amurka ta daɗe da ba masu dafa giya shawarar a riƙe zuma a digiri 80 har awa biyu da rabi a rufe, ƙarƙashin iskar gas, kafin a zuba ta. Wannan yana kawar da matsalolin biyu, amma ba kowa ke da kayan yin sa ba, kuma yana cin wani ɓangare na ƙamshin. Da yawa suna dogara ga cewa a rana ta uku giyar ta riga ta yi ɗan tsami, ta sami barasa, ga kuma hof, duk suna hana baƙin ƙwayoyi sakewa. Galibi hakan yana yi. Sharaɗinsa shi ne haƙuri: a ɗaga zafin zuwa digiri 21 na kwana biyu ko uku a ƙarshe, sannan kada a ɗura a kwalba sai ma'aunin ya nuna adadi ɗaya kwana uku a jere. Da ɗanyar zuma, ƙarin mako guda bai yi yawa ba.

Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne kowane maki ɗaya da ya sauka a cikin rufaffiyar kwalba yana ƙara gas kusan rabin girman ruwan. Giyar ruwan ƙasa tana bukatar gas ninki 2.2 na girmanta ko kusa da haka, wanda ake samu da farin sukari giram 100 zuwa 110 a lita 20, ko zuma giram 130. In aka ɗura da wuri maki uku suka sauka daga baya, an tashi daga 2.2 zuwa 3.7. A nan ne ake samun kwalbar da ke feshi in an buɗe, ko wadda ke fashewa a ma'ajiya, kuma fasasshen gilashi ba abin wasa ba ne.

Irin zumar ma abin dubawa ne. Farar zuma marar ƙarfi, kamar ta furen ciyawar kuloba, ɓacewa take yi a ƙarƙashin gasasshen tsiro. Ta furen lemo takan bar ɗan ƙamshin fure. Baƙar zuma irin ta furen bakwit, wani tsiro mai ƙwaya kamar hatsi, tana da ƙarfin da zai tsaya kafaɗa da kafaɗa da tsiron, amma giram 250 ya isa, fiye da haka tana kawo wari irin na garke. Zumar da aka yi wa algus da ruwan sukari kuwa barasa kawai za ta bayar.

Mu zo ga ɗanɗanawa. Kuskuren farko shi ne sanyi. Kwalbar da ta fito daga firiji a digiri 3 ko 4 ba ta da abin da za ta gaya wa hanci, sanyin ya kulle ƙamshin ya kuma ƙara fito da ɗaci. A bar ta minti 15 zuwa 20 ta kai digiri 10 zuwa 13. A nemi tambulan mai faɗin ciki da ɗan tsukakken baki, a wanke shi tas a ɗauraye, domin maiƙo ko ragowar sabulu suna kashe kumfa nan take. In an zuba aka ga ƙananan ƙwayoyin gas sun manne a jikin gilashin daga ciki, gilashin ne bai fita ba. A karkata tambulan ɗin, a zuba a jikinsa har rabi, sannan a miƙe shi a zuba a tsakiya don kumfa ta kai kaurin yatsa biyu. In giyar irin wadda aka sa wa gas a cikin kwalba ce, akwai yis kwance a gindi. A bar kamar santimita ɗaya kada a juye.

A ɗaga ta a haske. Giya mai kyau ta wannan salo ba baƙa ba ce: ruwan ƙasa ce mai jan gefe, kuma ana iya hango inuwar yatsa ta bayan gilashin. Kumfar tana da launin madara da aka ɗiga wa shayi. Kumfar giyar zuma takan riga ta sauran faɗuwa, saboda furotin ɗin tsiro ne yake riƙe kumfa, zuma kuwa kusan ba ta da shi. In ta ɗauki minti biyu ko uku ta kuma bar zane a jikin gilashi, mai dafawar ya san aikinsa, wataƙila ya ƙara tsiron alkama giram 150 zuwa 200 don wannan. In ta ɓace cikin daƙiƙa ashirin da ƙarar tsartsatsi, ko dai zumar ta yi yawa ko baƙin ƙwayoyi sun shiga.

A shinshina tun kafin kumfar ta kwanta, gajeru biyu ko uku, domin dogon shaƙa yana gajiyar da hanci. Abin da ya kamata ya fara zuwa shi ne ɓawon burodi, ƙonannen sukari, ɗan cakulan, da gardi irin na gasasshiyar gyaɗa. Wannan gardin daga gashin tsiro yake, shi ya sa ake samun giya irin Samuel Smith's Nut Brown Ale da ba a sa mata ko ƙwayar gyaɗa ko makamancinta ba. Zumar gaskiya tana zuwa ne a bayan waɗannan, siririya, kamar ƙamshin fure da kakin zuma. A rufe bakin tambulan da tafin hannu, a juya shi sau uku, a buɗe a sake shinshinawa. Sau da yawa sai a nan take bayyana.

Sannan a kurɓa kaɗan, kamar cokali ɗaya babba, a bar ta ta zagaya baki na ɗan lokaci, a haɗiye, a rufe baki a fitar da numfashi ta hanci. Masu gwada giya suna haɗiyewa ne saboda ɗacin hof da abin da ke saura a maƙogwaro ba sa bayyana sosai sai bayan an haɗiye. Farkon kurɓi yana da ɗan zaƙin tsiro, tsakiya gardi, ƙarshe kuma ya kamata ya yanke tsaf, baki ya koma wasai ba tare da danƙo ba. Wannan yankewar ita ce babbar shaidar zuma ta gaskiya. Ƙamshinta yakan dawo ta hanci bayan haɗiya, kuma ƙwaƙwalwa, da ta saba haɗa wannan ƙamshi da zaƙi, sai ta ce ta ji zaƙi alhali harshe bai ji ba. Mai shakka ya toshe hanci ya sake kurɓa.

To idan aka ji zuma ƙarara, da zaƙi mai manne wa leɓe fa? Akwai hanyoyi da dama da hakan ke faruwa, kuma mai ɗanɗano na ƙwarai yana iya bambance su. Ta farko wani tsiro ne da kamfanin Gambrinus na Kanada ya shahara da shi, ana sayar da shi da sunan tsiron zuma, alhali babu ɗigon zuma a cikinsa. Yadda aka tsirar da shi aka gasa ne yake ba shi wannan ɗanɗano. Giram 150 zuwa 200 a lita 20 yana taimaka wa zumar gaskiya, kuma ba mu ga laifinsa ba. In ya wuce haka sai ya gundura, ya kawo ɗan tsami-tsami. Ta biyu ita ce a zuba zuma bayan an gama tsimi, a tace yis ɗin ko a kashe shi da zafi na digiri 60 na minti 15 zuwa 20, don kada ya cinye ta. Manyan kamfanoni suna da injinan wannan. Mai dafawa a gida da ya kwaikwaya ba tare da su ba, fasassun kwalaben da muka ambata yake shiryawa. Ta uku ruwan ƙamshi ne na kanti, wanda ake gane shi da yadda yake dukan hanci tun daga buɗe marfi kuma ba ya canzawa har ƙarshen tambulan.

Ta huɗu ita ce ta fi yaudara. Giyar da ta tsufa ta sha iskar oksijin tana samar da wani sinadari, fenilasitaldehaid, wanda yana cikin sinadaran da suke ba zuma ƙamshinta. Wato tsohuwar giya da ba a taɓa sa mata zuma ba tana iya ƙamshin zuma. Ana gane ta da abokan tafiyarta: warin jiƙaƙƙen kwali, ɗacin hof da ya dusashe, da zaƙi mai nauyi marar armashi. Akwai kuma pentanediyon, wanda yis yake fitarwa tare da dayasitil, shi ma yana kama da zuma. Dayasitil ɗin warin bota gare shi da santsi a harshe, ana jin sa tun daga kimanin miligiram 0.1 a lita. Kaɗan daga cikinsa ana yafe wa giyar Ingila. Mai yawa yana nufin an raba giyar da yis ɗinta da wuri, kafin ya sake shanye shi, kuma wancan ƙarin zafi na kwana biyu ko uku a ƙarshen tsimi shi ne maganinsa.

Sauran aibobin gane su ba wuya. Warin ɗanyen tuffa alamar giyar da ba ta nuna ba ce. Zafi mai kama da na man goge farce yana nufin an yi tsimi a zafin da ya wuce digiri 24, abin da ke saurin faruwa da zuma saboda yis yana hanzari kuma aikinsa da kansa yana ƙara wa ruwan digiri biyu zuwa huɗu a kan na ɗakin. Ƙamshin kanumfari ko warin filasta na asibiti yana nuna yis na daji, ko sinadarin kulorin a ruwan da aka yi amfani da shi. Tsami irin na madarar da ta kwana aikin bakteriya ne, tsami mai kaifi irin na binega kuma yana nufin iska ta shiga tare da su. Wani wari mai ɗoyi yana zuwa in haske ya bugi hof, kuma minti kaɗan a rana ya isa. Shi ya sa ake ɗura giya a kwalba mai ruwan ƙasa, koriya da fara ba sa kare ta sosai.

Mai dafawar da yake so ya san ko zumarsa ta yi wani tasiri, kada ya yarda da bakinsa alhali ya san abin da ke cikin kofin. Ya raba ruwan tsiro gida biyu, ya sa wa ɗaya zuma, ɗaya ya bar shi haka. In sun nuna, wani ya zuba kofi uku a ɓoye, biyu iri ɗaya, ɗaya daban, a ce wa masu ɗanɗano su fitar da baren. Ko da ka aka yi, mutum ɗaya cikin uku zai dace, don haka sai adadin masu dacewa ya zarce wannan sosai kafin a ce akwai bambanci. Tsakanin kofi da kofi a kurkure baki da ruwa.

Batun magani kuwa, lissafi ya isa amsa. Rabin kilo a lita 20 giram 25 ke nan a lita, wato kimanin giram 8 a kwalba mai mililita 330, ƙaramin cokalin shayi ɗaya da ɗan ƙari, kuma shi ma yis ya cinye shi. Abin da yake sa zuma ta hana ƙwayoyin cuta sakewa, yawancinsa ƙarancin ruwanta ne da tsaminta da ɗan sinadarin da take saki, kuma duk sun tafi da aka tsinka ta ninki arba'in aka tsima. Abin da ya rage a wannan kwalba shi ne barasa zalla mililita 18, wajen giram 14. Tun 1988 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa giya da danginta a rukunin farko na abubuwan da ke jawo kansa, a Janairun 2023 kuma hukumar ta bayyana cewa babu wani adadi na barasa da za a ce ba ya cutar da lafiya. Mai ciki, mai tuƙi, mai ciwon hanta da mai shan wasu magunguna, hoton ƙudan zuma bai canza musu komai ba.

Roƙonmu gare ka, Malam Edita, shi ne duk lokacin da jaridarka za ta ambaci irin wannan abin sha, a faɗi kason barasar da ke ciki tare da sunansa, kuma a duba jerin kayan haɗin da ke bayan kwalba. In an rubuta cewa an dafa ta da zuma, kuma zumar ta fito a jerin, to ta shiga tsimi. In abin da aka rubuta ɗanɗanon zuma ne kawai, mai yiwuwa ruwan ƙamshi ne ko wancan tsiron. A duba ranar ɗurawa ma: ƙamshin zuma shi yake fara tafiya, a cikin wata uku zuwa shida, kuma duk ƙarin zafi na digiri 10 a wurin ajiya yana ninka saurin tsufan giya sau biyu ko fiye. Kwalbar da ke da yis a gindi a ajiye ta a tsaye, a wuri mai duhu da sanyi, a kuma bar ta ta kwana bayan an yi tafiya da ita kafin a buɗe.

Mun gode da wannan fili.

Naku,
Wasu masu nazarin kimiyyar abinci da abin sha